Sallama da Ban Kwana a Wasiƙar Imel: Darasin da Muka Bari a Baya

A ƙarshen zaman reshenmu na watan jiya, bayan an rufe taro da addu'a ana shirin watsewa, wani ɗan'uwanmu malamin Lissafi ya tsayar da mu a bakin ƙofa, ya miƙo wayarsa ya ce mu duba masa wani abu. Saƙon imel ne da ɗansa ya aika wa wata farfesa a wata jami'a ta ƙasar waje, yana neman ta karɓe shi ya yi digiri na biyu a ƙarƙashinta. Yaron ya fita da sakamako mai kyau, takardunsa kuma babu abin kushewa a cikinsu. Amma ga yadda ya buɗe saƙon: "Hi sir, gud day, how is work and family?" Ya rufe da "pls reply urgently", babu ko sunansa a ƙasa. Wata uku ke nan ba a amsa masa ba.

Ba za mu rantse cewa gaisuwar ce ta hana shi samun amsa ba, domin masu irin wannan muƙami saƙonni kan yi musu yawa, wasu kuma su wuce ba a gani ba. Abin da ya tsaya mana a rai shi ne tambayar da uban ya yi: "Yaron nan fa ya ci Turanci da kiredit. To, wa ya koya masa wannan?" Muka yi shiru, domin mun san a gaban su wa ya zauna shekara goma sha biyu.

Gaskiyar magana ita ce ba mu koya masa hakan ba, kuma ba mu koya masa wanin hakan ba. Abin da muka koya masa shi ne wasiƙar takarda, irin wadda hukumomin WAEC da NECO ke tambaya: adireshin marubuci a sama, kwanan wata, adireshin wanda ake rubuta wa, "Dear Sir", take a ja masa layi, sannan "Yours faithfully" da sa hannu da cikakken suna. Mun horar da shi a kan yadda ake raba maki hamsin na tambayar insha'i, goma ga ƙunshiya, goma ga tsari, ashirin ga iya sarrafa harshe, goma ga kiyaye ƙa'idojin rubutu. Ya haddace, ya rubuta, ya ci. Daga ranar da ya fita ɗakin jarrabawa kuwa, da wuya ya sake liƙa kan sarki a jikin ambulan. Hukumar JAMB ta koma jarrabawa ta kwamfuta gaba ɗaya tun 2015, kuma mai neman gurbin karatu yana buƙatar adireshin imel. Haka mai rajistar bautar ƙasa, haka mai neman tallafin karatu ko aikin kamfani. Ƙofar da yaranmu ke ƙwanƙwasawa yau ta imel ce, mu kuwa mun koya musu sallamar wata ƙofar dabam. Da suka rasa abin kamawa, sai suka ɗauko salon da suka saba da shi a WhatsApp suka shiga da shi ofishin mutane.

Ra'ayinmu a wannan reshe shi ne, koyar da yadda ake buɗe saƙon imel na Turanci da yadda ake rufe shi aiki ne da ya rataya a wuyanmu, kuma bai kamata mu jira sai an rubuta shi da manyan baƙaƙe a cikin manhaja ba.

Bahaushe ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani a kan darajar gaisuwa. Mu ne muke cewa shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Wanda ya faɗo gidan mutane babu sallama mun san sunan da ake kiransa, wanda kuma ya tashi daga zaure babu ban kwana, akan tambaya ko lafiya. Wasiƙarmu ta gargajiya ma haka take tafe. Iyayenmu sukan fara da "Takarda ta fito daga hannun wane zuwa ga wane", a biyo da gaisuwa mai yawa da fatan alheri, a tambayi gida da iyali da damina, sai a ce "bayan haka" a shiga magana, a ƙare da "haza wassalam". Wanda ya tsallake wannan ya faɗa kan buƙatarsa kai tsaye ya nuna rashin tarbiyya. Wannan ladabi namu ne, muna alfahari da shi, kuma a wasiƙar Hausa babu mai raba mu da shi.

Inda gizo ke saƙa shi ne, Turanci ma yana da nasa ladabin, kuma a wurare da dama ya saɓa wa namu. A wurin Bature mai aikin ofis, girmamawa ita ce kada ka ci masa lokaci. Baƙon da ya buɗe saƙo da tambayar iyalinsa da lafiyar 'ya'yansa, alhali ba su taɓa haɗuwa ba, ya shiga hurumin da ba a gayyace shi ba. Abin da yaronmu ya rubuta da niyyar ladabi, can ana iya karanta shi a matsayin shisshigi. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. 'Yan'uwanmu malamai na Maraɗi da Damagaram sun san wannan sarai, domin su Faransanci ya ɗora musu doguwar jimla ta ban kwana mai farawa da "Veuillez agréer", wadda idan aka juya ta zuwa Turanci kalma da kalma sai ta zama abin dariya. Babu harshen da ya fi wani ladabi a nan. Kowane yana da ƙa'idarsa, kuma wanda ya ari harshe dole ya ari ƙa'idar tare da shi.

Akwai kuma wani nauyi da ya keɓanci ɗan Najeriya, wanda ba ma jin daɗin ambatonsa amma ɓoye shi ba zai amfani kowa ba. Shekara da shekaru 'yan damfara suna watsa saƙonnin imel a duniya, har lambar sashe na 419 na dokar manyan laifuka ta zama sunan sana'ar a bakin mutanen da ba su taɓa taka ƙasar nan ba. Alamomin da aka san waɗannan saƙonni da su su ne gaisuwa mai zaƙi daga wanda ba a sani ba, irin su "Dear friend" ko "Dearest one", da kirari mai yawa, da manyan baƙaƙe, da kalmar "urgent". Yaro mai gaskiya da ya buɗe saƙonsa da irin wannan salo ya sa rigar ɓarawo bai sani ba. Laifin wasu ne yake biya, amma mu da muka san haka, haƙƙinsa ne a kanmu mu gaya masa.

To, mene ne za a koyar? Ba shi da yawa, kuma muna ganin ya dace mu shimfiɗa shi a nan domin amfanin malamai da iyalansu.

Farko, kalmar "Dear" a kan wasiƙa ba ta nufin ƙauna. Mun ga ɗalibai mata da ke jin nauyin rubuta wa malami namiji "Dear", mun ga maza da ke tsallake ta don gudun zargi. Kalma ce ta al'ada kawai, kamar yadda muke cewa "ranka ya daɗe" ba tare da mun tsaya lissafin shekarun mutum ba. Wadda za a guje wa ita ce "My dear", domin ita tana nuna shaƙuwa, ko kuma babba yana magana da ƙarami.

Na biyu, laƙabi da suna. A nan al'adarmu ke yi mana ƙafar ungulu. Mu muna haɗa laƙabi da sunan yanka, mu ce Malam Audu, Hajiya Binta, Dakta Sani. Turanci kuwa yana haɗa "Mr" da "Mrs" da "Dr" da "Professor" da sunan ƙarshe, wato sunan zuriya. Idan mutum sunansa John Brown, "Dear Mr Brown" ake rubutawa, "Dear Mr John" kuskure ne. Laƙabin "Sir" na sarautar Ingila ne ke bin sunan farko, shi ya sa Turawa ke cewa Sir Ahmadu da Sir Abubakar idan suna nufin Sardauna da Firayim Minista Tafawa Ɓalewa. Mace kuma idan ba a san ko tana da aure ba, "Ms" ake sa mata. Idan tana da digirin dakta ko farfesa ce, laƙabin ilminta ya fi komai dacewa. Yaron da muka ba da labarinsa ya kira farfesa mace "sir", abin da minti biyu na duba shafin jami'ar zai hana. "Dear Ma" da muka saba da shi a nan gida ya karɓu tsakaninmu, amma a waje "Dear Madam" aka sani. Idan babu hanyar sanin sunan mutum ko jinsinsa, sai a rubuta "Dear Sir or Madam", ko a ambaci muƙamin, kamar "Dear Registrar".

Na uku, buɗewa da rufewa tafiya suke tare, kamar ƙwarya da faifai. A ƙa'idar Ingila, wadda muka gada kuma muke jarrabawa da ita, wanda ya fara da "Dear Sir" ko "Dear Madam" zai rufe da "Yours faithfully", wanda ya ambaci suna kamar "Dear Dr Musa" zai rufe da "Yours sincerely". Amurkawa sun fi amfani da "Sincerely" ita kaɗai. A saƙonnin aiki na yau da kullum kuwa, "Kind regards" da "Best regards" su ne suka fi yawa, kuma su ne mafaka ga wanda ya rasa na zaɓa, domin ba su yi tsauri ba, ba su kuma yi sakaci ba. "Best wishes" ta fi kusa da wanda aka saba da shi. "Cheers" ta abokai ce a bakin mutanen Ingila, "Love" kuwa ta 'yan gida ɗaya ce da aminai na kusa, kada ta kuskura ta shiga ofis. Kalmar farko kaɗai ke ɗaukar babban baƙi, kuma "Yours" ba ta da ɗan waƙafin nan na sama, kuskuren da muke ja wa jan biro kowace shekara.

Na huɗu, "Hi" da "Hello" suna da muhallinsu: aboki, abokin aiki da aka saba, ko wanda shi ya fara amfani da su. Ƙa'idar da muke so yaro ya riƙe ita ce ya fara da girmamawa, ya bar babba ya sassauta. Idan farfesa ta amsa ta sa sunanta na farko kaɗai a ƙasa, sau da yawa alama ce cewa ba ta damu a kira ta da shi ba. Mun san wannan yana yi wa ɗan Bahaushe nauyi, shi da ya tashi a gidan da uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ƙarami kuma ba ya ambaton sunan babba gatsau. Idan kunya ta hana shi, ya ci gaba da laƙabin, babu wanda zai zarge shi. Yawan ladabi ba ya ɓata saƙo kamar yadda ƙarancinsa ke ɓatawa.

Na biyar, jimlar farko bayan gaisuwa ta faɗi ko wane ne mai rubutu da abin da ya kawo shi. Tsofaffin furanni da muka tashi da su, irin su "if so, doxology" da "my main aim of writing this letter", a bar su su huta. Ga wanda aka sani, jimla ɗaya irin "I hope you are well" ta wadatar. A ƙarshe kuma kada a ba babba umarni. "Reply urgently" umarni ne. "I look forward to hearing from you" roƙo ne cikin mutunci. Sannan a sa cikakken suna, da aji ko muƙami, da lambar waya. Imel ba ya buƙatar adireshin gida da kwanan wata a sama, na'ura ta riga ta ɗauke wannan, amma yana buƙatar a cike gurbin take da 'yan kalmomi masu bayyana batun. Saƙon da ba shi da take kamar baƙo ne da ya rufe fuska. Shi kansa adireshin imel ɗin ya zama sunan mutum ne; laƙabin da samari ke yi wa juna a majalisa ba ya dacewa a kan takardar neman aiki.

Mun san abin da wasu 'yan'uwa za su ce, kuma sun faɗa mana a fili. Suna cewa, makarantar da babu wuta, babu kwamfuta, yara tamanin a aji wasu a ƙasa, malami yana bin bashin ƙarin girma da kuɗin hutu, ina ita ina maganar "Kind regards"? Wannan ƙorafi gaskiya ne, kuma shi ne abin da ƙungiya ta tsaya a kai tana gwagwarmaya, ba za ta fasa ba. Sai dai darasin da muke magana a kai ba ya buƙatar wuta. Allo da alli sun isa. Malami ya zana akwati huɗu, na adireshi, na take, na saƙo, na suna, ya sa yara su rubuta wa shugaban makaranta neman izinin kwana biyu, sannan su rubuta wa aboki labarin abin da ya sa suka nemi izinin, a kwatanta biyun. Darasi biyu ko uku a zango sun wadatar. Mun koyar da wasiƙar takarda shekaru da dama a ƙauyukan da babu gidan waya, ba mu ce sai an gina shi ba. Kuma ɗan mai kuɗi da ke makarantar kuɗi zai koyi wannan ko mun koyar ko ba mu koyar ba. Ɗan talaka da ke gabanmu shi ne ba shi da wani wurin koyo. Idan muka bar shi, ranar da za su nemi gurbi ɗaya, an riga an bambanta su tun daga layin farko.

Wasu kuma suna cewa wannan duk bautar Turawa ce, me zai hana yaro ya yi gaisuwarsa ta gida da harshen da ya ga dama? Muna girmama kishin da ke cikin wannan magana. Amma a tuna, salon da muke riƙe da shi a ofisoshinmu ma ba na kakanninmu ba ne. Ma'aikatan zamanin mulkin mallaka sukan rufe wasiƙa da kiran kansu "your obedient servant", wato bawanka mai biyayya. Su masu harshen sun daɗe da yar da wannan, mu ne muka rage muna jan ragowar irinsa, muna tara kirari da ƙanƙan da kai a gaban wanda haƙƙinmu kawai muke nema a hannunsa. Malamin da ke rubuta wa hukumar ilmi ko kamfanin fansho a kan kuɗinsa da aka riƙe ba bara yake yi ba. Gaisuwa madaidaiciya, bayani a fili, lambar fayil, da ban kwana na mutunci sun fi kare masa daraja a kan sakin layi uku na fadanci. Idan kishin harshe ne, hanyarsa ita ce mu koyar da rubuta imel da Hausa a darasin Hausa, da sallamarsa da "bayan haka" ɗinsa, yaro ya mallaki ladabin harsunan biyu ya san inda kowanne ke aiki. Haka batun sallama ta addini: tsakanin waɗanda suka san juna kuma suka saba da ita, babu abin da ya fi ta, ga ofishin da ba a san wanda zai buɗe saƙon ba, gaisuwar aiki ta fi dacewa.

Akwai masu cewa waya ma yanzu tana rubuta wa mutum saƙo, me ya rage a koya? Na'ura tana iya jera kalmomi, amma ba ta san tsakaninka da wanda kake rubuta wa ba, ko ubangidanka ne ko abokin wasanka. Wanda bai san daidai ba, ba zai gane lokacin da ta ba shi abin da bai dace ba.

Kafin mu nuna yara da yatsa, mu dubi namu akwatunan. Sakatariyar reshe tana karɓar saƙonni daga membobi, kuma ba ƙaramin adadi ba ne ke zuwa babu take, babu gaisuwa, sai hoton takarda kawai a maƙale, wani lokaci ma babu sunan makarantar mai aikowa. Irin waɗannan saƙonni ne muke aika wa Hukumar Rajistar Malamai da kamfanonin fansho, sannan mu yi mamakin jinkiri. Ba mu faɗi wannan don tozarta kowa ba. Yawancinmu mun yi kwalejin ilmi a lokacin da babu wanda ya koya mana, kuma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Don haka muna ba da shawara uku. Shugabannin reshe su ware awa ɗaya a zama mai zuwa, malaman Turanci da na kwamfuta daga cikinmu su jagoranci bita, kowa ya zo da wayarsa ya rubuta saƙo ɗaya na ofis a duba masa. Malaman Turanci na ƙaramar sakandare da babba su haɗa imel da darasin rubuta wasiƙa daga wannan zango, su nuna wa yara abin da ya zauna da abin da ya sauya, ba tare da sun rage komai daga shirin jarrabawa ba. Wakilanmu kuma su kai maganar gaba ta hanyar reshen jiha, domin masu tsara manhaja da masu shirya jarrabawa su ba wannan salon rubutu matsayin da ya kamace shi.

Ku kuma iyaye da ke karanta wannan mujalla a gida, ba sai kun iya Turanci ba. Idan ɗanku ko 'yarku za su aika saƙon neman karatu ko aiki, ku tambaye su: wa kake rubuta wa, ka san sunansa? Da me ka gaishe shi? Ka faɗi ko kai wane ne? Ka yi ban kwana? Tambayoyin da kuke yi ne tun suna ƙanana idan za ku aike su gidan maƙwabta.

Shi ɗan'uwanmu malamin Lissafi, mun zauna da ɗansa a ranar Asabar ɗin da ta biyo baya, aka sake rubuta saƙon cikin layi takwas, aka aika wa wasu malamai biyu a wasu jami'o'in. Har zuwa lokacin da muke haɗa wannan fitowa yana jiran amsa, muna kuma taya shi addu'a. Bitar da muka ambata za a sanar da ranarta ta hannun wakilan makarantu, muna roƙon kowa ya halarta. Allah Ya sa mu dace, Ya kuma albarkaci 'ya'yanmu da ɗalibanmu.